Zaman Banza A Gefen Ruwa: Ƙaddara Ce Ko Zalunci?

Ya 'yan'uwa Musulmi, ya zama wajibi mu yi raddi ga masu cewa wai rashin aikin da ya addabi Talata Mafara da Bakura da Maradun lalaci ne na matasa, ko kuwa ƙaddara ce da za a naɗe hannu a kanta. Wannan magana ɓata ce, kuma tarihi yana ƙaryata ta.

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, aka tare ambaliyar da take raya fadamu. Da manoma suka tsaya neman diyyarsu, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980. Daga bisani injinan fesa ruwa suka lalace, filaye masu yawa suka koma saura. Shin mutanen da suka ba da rayukansu domin gona su ne malalata? Subhanallahi!

Dubi magidancin da ya wayi gari babu cefane. Kunya tana hana shi zama gida, baƙin ciki yana hana shi barci, fushi ya kai shi ga saki. Saurayi kuwa ko ya tafi ci-rani, ko ya faɗa shan ƙwaya, ko 'yan bindiga su yaudare shi da kuɗi.

Amma wa yake lissafin matar da ke cikin gida? Jarinta a amfanin gona yake: turara shinkafa, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Idan gona ta mutu sana'arta ta mutu, sai ta sayar da kayan ɗakinta, ta ɗora wa 'yarta talla, ta haɗiye damuwa har hawan jini ya kama ta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, domin talauci ya sa ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gida.

Masu hana mata sana'a da sunan addini, ina hujjarsu? Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Nana Zainab bint Jahsh tana jima da hannunta tana yin sadaka, Allah Ya ƙara musu yarda. Haƙuri da ƙaddara kuwa bai taɓa nufin yin shiru ga wanda ya ci amana ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta kula da magudanan Bakolori, ta tsare manomi a gonarsa. Masu fitar da zakka su mayar da ita jari, mace da namiji kowa ya samu, maimakon mudun da zai ƙare kafin Juma'a. Limamai kuma su faɗi wannan a kan mumbari, domin kowane mai riƙe da amana zai amsa tambaya ranar hisabi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.