Cunkoson Hanyar Yopougon Zuwa Adjamé: Gada, Jirgin Ƙasa, Ko Bas?



'Yan uwa, duk wanda ke kwana a Yopougon ko Abobo yana neman abincinsa a kasuwar Adjamé ko tashar jiragen ruwa ta Treichville, ba sai an ba shi labarin Babbar Hanyar Arewa ba. Da an sallame Asuba ake rige-rigen gbaka, da yamma kuma Magariba ta riske mu a tsakiyar titi, ga dajin Banco a gefe, ba gaba ba baya. A watan azumi da yawanmu a cikin mota muke buɗa baki. Ƙidayar 2021 ta nuna Yopougon kaɗai na da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi. Rahoton Bankin Duniya na 2019 kuwa ya ce talakan Abijan na kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na abin da yake samu a kuɗin mota, kuma yana ɓata kusan minti 200 a hanya kowace rana.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, wannan gaskiya ne. An buɗe gadar Henri Konan Bédié a 2014, gadar Alassane Ouattara a 2023, sai gada ta huɗu da ta haɗa Yopougon da ɓangaren Adjamé ta Attécoubé a watan Janairun 2024, gab da gasar cin kofin Afirka. Wannan ta ƙarshe ta rage wa babbar hanyar nauyi, mun gani da idonmu. Sai dai gada motoci take ɗauka, kuma akasarinmu ba mu da mota. Inda duk aka faɗaɗa titi, masu hali sukan ƙaro motoci har ya sake cika. Kada kuma mu manta da mutanen Boribana da aka rushe wa gidaje a bakin wannan aiki.

Jirgin ƙasa na cikin gari shi ne babban alkawari: kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouët, ta Abobo, Adjamé, Plateau da Treichville, kan layin tsohuwar hanyar dogo. Shugaba Ouattara da Shugaba Macron na Faransa ne suka ƙaddamar da shi a Nuwamban 2017, da rancen Faransa na sama da Yuro biliyan ɗaya, ana sa ran ya riƙa kwasar mutum fiye da dubu 500 a rana. An sha ɗage ranar gama shi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: layin daga arewa zuwa kudu yake. Zai share wa Abobo hawaye, amma bai bi ta Yopougon ba.

A nan ne muke ganin bas mai titinsa na kansa, wanda ake kira BRT, ya fi dacewa da matsalarmu. Kilomita 20 ne daga Yopougon zuwa Bingerville, da tallafin Bankin Duniya, kuma an fara aikin a 2024. Sirrinsa ɗaya ne: a keɓe masa layin da ba mai shiga sai shi. Bas ɗin SOTRA na yau yana maƙalewa ne tare da motar da ke ɗauke da mutum guda, alhali shi ya kwaso mutane da dama. Dakar ta fara irin wannan a 2024, Legas tun 2008. Tsoronmu shi ne ranar da manya za su fara kutsa kai cikin layin da jiniya. Sannan direbobin gbaka da woro-woro da yaran mota, waɗanda da yawansu muke sahu ɗaya da su a masallaci, wajibi ne a ba su gurbi, su riƙa kai fasinja daga unguwanni zuwa tashoshin bas. In an kore su haka kawai, an toshe bakin gidaje da yawa.

Ruwan Ébrié ma hanya ce da Allah Ya shimfiɗa mana kyauta. Tun 2017 kamfanonin STL da CITRANS suka shigo tare da SOTRA suna jigila a kansa, kuma wanda ya taɓa hawa daga Abobo-Doumé zuwa Treichville ya san bambancin. Matsalar ita ce isa bakin ruwan daga can cikin unguwa.

Saura tireloli. Tashar jiragen ruwa tana kudancin ruwa, kayan Mali da Burkina Faso da wani ɓangare na Nijar kuma arewa suka nufa, don haka sai sun ratsa gari sun hau wannan hanya da muke bi. Buɗe tashar kwantena ta biyu a ƙarshen 2022 ya ƙara yawan kayan da ke shigowa. Hanyar zagaye ta Y4 za ta taimaka a arewacin birni, amma ba ta kai bakin tashar ba. Tirela ɗaya in ta lalace a hawan Banco da safe, dubban ɗalibai sun makara. Mu 'yan kasuwa kayanmu ne a cikin waɗannan motoci, saboda haka ba cewa muke a hana su ba. A ware musu sa'o'in dare, a gina musu wurin jira a wajen gari wajen PK 24, a kuma ƙara ɗora kayan Wagadugu kan jirgin Sitarail. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwarmu na Adjamé su ne ya kamata su fara kai wannan magana gaban hukuma.