Maƙeran Gaya da Aka Manta

Duk wanda ya saurari hikayar Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, lalle zai lura cewa maruwaita, Allah Ya jiƙansu, sun kiyaye sunan jarumin da na Daurama, har da na tsohuwa Ayana, amma maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, balle mahaƙin rijiyar, an bar su ba suna. Wannan, a ganina, gafala ce babba. Amurkawa kuwa, da ƙasarsu ta jiya-jiya, almajiransu na karanta tarihin Edison, mai fitilar lantarki ta 1879, kamar yadda suke karanta na shugaba Lincoln.