Martani: Ba Kowane Jinkiri Ne Alamar Mutuwar Faifai Ba

Wani marubuci ya fito a wata mujalla yana cewa duk faifan ajiyar kwamfuta da ya yi nawa a gwajin gudu ya kusa mutuwa, a yar da shi a sayi SSD. Wannan shawara asarar kuɗi kawai za ta ja wa mutane.

Tambayar farko: ina aka jona faifan? Kafar USB 2.0 iyakarta megabit 480 a daƙiƙa, a aikace da kyar take kai megabait 40. Faifan da ke iya megabait 150 a daƙiƙa zai koma tafiyar hawainiya a wannan kafa, alhali lafiyarsa lau.

Sai ƙirarsa. Layukan bakin faifai sun fi na ciki tsawo, kuma daga baki ake fara cika faifan, shi ya sa gudu ke raguwa yayin da yake cika. Marubucin bai ma ambaci fasahar SMR ba, wadda ke ɗora layuka kan juna. A 2020 aka gano kamfanin Western Digital ya sa ta a faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6, inda rubutu ke ja da baya sosai idan aiki ya yi yawa. Ƙorafi ya yi ƙarfi har kamfanin ya fito da faifan Red Plus marasa SMR.

Ƙwararren mai gyara yakan buɗe manhajar CrystalDiskInfo ya duba bayanan SMART na lafiyar faifan, ya canza waya, ya tabbatar Windows ba ta sabunta kanta a ɓoye, sannan ya maimaita gwajin. Idan adadin sassan da suka lalace na ƙaruwa, nan ne ake kwashe bayanai a sauya faifan.