A Auna Inji Kafin A Sauke Shi

Kowace shekara in bazara ta kama, garejin kanikawa ya kan cika da motocin shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux, masu aiki da man gas, watau dizal. Su ne ke kai taki da iri ƙauyukan da kwalta ba ta je ba, su ne kuma ke fito da hatsi da tumatir daga fadama zuwa bakin titi. Mai mota ya zo ya ce tana hayaƙi, ba ta hawa tudu, da safe sai an tura. Bakanike ya buɗe, ya taka totur sau biyu, ya girgiza kai ya ce inji ya gaji, sai dai a sauke a sa wani. Shi ke nan an yanke hukunci, mai mota ya koma gida ya fara lissafin bijimin da zai sayar.

Wannan hukunci ya yi sauri. Gaskiya ne inji ya kan gaji, wani ma ba shi da magani sai canji. Amma hayaƙi da rashin ƙarfi alamu ne kawai, kamar zazzaɓi ga ɗan Adam, kuma ciwo iri iri ne ke kawo su. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, kuɗin duk wani ƙarfe da a ke shigowa da shi daga waje ya tashi ƙwarai. Saboda haka kuskuren da dā mutum zai yi ya shanye, yanzu ya isa ya ci amfanin gonar shekara guda.

Wanda zai fahimci ciwon sai ya san yadda injin ke aiki. Injin gas ba shi da filogi mai ba da wuta kamar na fetur. Iska tsantsa ya ke zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta. Matsin nan shi ke sa ta yi zafi fiye da digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Ashe ke nan abu uku ya ke bukata: iska mai tsabta, da mai a daidai lokacinsa, da matsi. A cikin ukun nan, matsi ne kaɗai in ya tafi za a ce inji ya gaji. Sauran biyun gyaransu na yini guda ne.

To, hayaƙin wane launi ne? Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa. Sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe, ko nozul ya lalace yana ɗigo maimakon feshi, ko kuwa wani ya taɓa famfon mai don mota ta ƙara gudu. Ba ko ɗaya a nan da ya kai a sauke inji. Farin hayaƙi da sanyin safiya na hunturu, wanda ke ɗaukewa in inji ya ɗumama, galibi hita ce ta mutu, watau 'yan ƙarafan nan da ke ɗumama silinda kafin tashi. In farin bai ɗauke ba, yana yaji a ido yana warin gas, a duba lokacin feshin mai. In kuwa ruwan lagireto yana raguwa, yana kumfa sa'ad da inji ke aiki, to gaskit ne ya ƙone ko kan inji ya tsage. Shuɗi shi ne abin tsoro, don baƙin mai ne ke ƙonewa. Duk da haka ko shi ba hujja ba ce ita kaɗai. Robobin bawul kan kawo shi, turbo mai yoyo ya kan kawo shi, haka nan tsohuwar Land Rover mai matatar iska ta baƙin mai, in yaron mota ya cika ta ya wuce alama.

Akwai gwajin da mai mota zai yi da kansa ba da ko kwabo ba. Ya bar inji ya yi zafi, yana aiki a hankali, ya kwance murfin da a ke zuba baƙin mai ya aza shi a bakin ramin. In murfin ya zauna yana ɗan rawa, da sauran rai. In iska na ture shi, hayaƙi na fita fuf-fuf kamar bututun jirgin ƙasa, to wuta na zurarewa ta gefen ringi zuwa ƙasa. Injin da ya kai haka yana da haɗari, don ya kan zuƙi baƙin mansa ya riƙa gudu da shi, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru sai a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci, ko a toshe masa hanyar iska da katako. Ba a sa hannu.

Amma alƙali na gaskiya shi ne agogon auna matsi, kuma na injin gas dabam ya ke da na fetur, don matsin ya ninka. Ana cire hita ko nozul a ɗaura shi, a tsai da mai, batir a cike, inji da ɗumi, a juya a rubuta abin da kowace silinda ta ba da. Kafin nan a daidaita bawul, don bawul da aka ɗaure ya yi tsauri ya kan sa lafiyayyen inji ya nuna kamar matacce. Littafin kowane inji ya faɗi adadin da bai kamata a kasa ba, kuma bai kamata wata silinda ta bambanta da 'yan'uwanta da abin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. In guda ce ta faɗi, a nemi bawul ko ringi da ya karye. In biyu ne maƙwabtan juna, gaskit ne ya huje a tsakaninsu. In duka suka yi ƙasa bai ɗaya, to nan ne a ke cewa inji ya gaji. Dabarar nan ta masu fetur ta zuba baƙin mai cikin silinda a sake aunawa ba ta dace da injin gas ba, don man na iya kamawa, in ya yi yawa kuma ya lanƙwasa sandar fistin.

Sai a bi da awon ƙarfin baƙin mai, da agogo na sosai ba da fitilar gaban direba ba, kuma sai inji ya yi zafi. Garejin da ba shi da agogon nan biyu bai kamata ya yanke wa inji hukuncin kisa ba. Kuɗinsu bai kai kusa da kuɗin inji ba, har ƙungiyar manoma ma tana iya saye ta ajiye wurin magatakardanta.

In awo ya tabbatar, saura zaɓi tsakanin gyara da canji. Mutane da yawa sun fi son canji don sauri, kuma suna da hujja: kayan gyara na jabu sun yi yawa, wanda ya taɓa sa ringi ya mutu cikin wata uku ba zai so ya kuma ba. Amma injin da ke cikin mota an san tarihinsa. In gangar jikinsa ba ta tsage ba, ana iya rarake silinda a sa fistin mai ɗan girma, a goge karanshaf a sa masa abin da ya dace da shi, ya sake yin shekaru. Sharaɗin kawai shi ne mai mota ya je sayen kayan da ƙafarsa, ya sayi na ainihi ko da tsada. Canji ya wajaba ne in gangar ta tsage, ko sandar fistin ta ɓullo ta gefe, ko an riga an rarake an goge har ba sauran nama.

Injin ɗan Kwatano kuwa, wanda wasu ke ce wa Beljiyam, daga jikin motocin da aka yi wa ritaya a Turai da Japan ya ke fitowa. Ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, da Ladipo ta Ikko. A ciki akwai nagari ƙwarai, akwai kuma wanda bai fi na cikin motar ba. Inji ba ya zuwa da agogon da ke nuna tafiyar da ya yi, wanki da fenti kuma ba shaida ba ne. Sayensa a kan maganar baki cinikin biri a sama ne. A sa a ta da shi a ƙasa, yana sanyi, mai saye ya dafa da hannunsa ya ji ba a riga an ɗumama shi ba. A yi masa gwajin murfi, a ɗaura masa agogon nan biyu kamar yadda aka yi wa tsohon. A leƙa ƙarƙashin murfi, in an ga abu kamar kindirmo to ruwa ya haɗu da mai. A rubuta takarda mai lambar inji da kwanakin da za a iya mayarwa, da shaidu. Kuma mai mota ya biya bakanikensa ladan rakiya da kansa, a fili, don wanda ke jiran la'ada daga mai sayarwa ba ya ganin aibi.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne kwaɗayin inji mai ƙarfi. Land Rover ta fito a 1948, aka fara sa mata injin gas a 1957. Injinta mai lita biyu da kwata, wanda ya biyo baya, ƙarfinsa wajen doki 62 ne. Na baya mai turbo, 200Tdi na 1989 da 300Tdi na 1994, sun wuce doki 100. Ana iya ɗora su a tsohuwar mota, an kuwa yi da yawa. Amma akwatin giya da sandunan ƙafar baya da birki duk an yi su ne daidai da ƙaramin injin. Mota ta yi lodi ta kafe a taɓo, direba ya ba ta wuta, sandar baya ta ɓalle, ga shi mil talatin daga gari. Ban da wannan sai an sake kujerun inji, da lagireto, da salansa, wani lokaci har da farantin da ke haɗa inji da giya. In daga fetur za a koma gas, sai an wanke tanki, an ja bututun da ke mai da rarar mai, an sa babban batir, an kuma tabbata akwai famfon da ke ba birki iska, don injin gas ba ya ba da ita da kansa. Kowanne kuɗi ne da ba a faɗa wa mai mota ran ciniki. Abin da ya fi sauƙi shi ne a mai da irin wanda aka cire.

Haka nan a yi hattara da injin zamani mai kwamfuta. Land Rover ta koma irinsa a 1998 da injin Td5, sauran kamfanoni ma haka. Ba ya shan mai da yawa, yana da ƙarfi, amma ba ya tashi sai da akwatinsa da wayoyinsa, kuma ba ya jure man jarka mai ruwa da laka. In ya tsaya a ƙauye sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Dalilin ke nan da masu aikin daji ke riƙe da irin 1HZ na Toyota, mai silinda shida da lita 4.2, wanda aka fara ƙerawa a 1990, da kuma 3L da 5L na Hilux. Bakaniken ƙauye ya san su ciki da bai.

Yanzu ga tambayar da ba a cika yi ba, ita ce kuwa ta fi kowacce: me ya kashe tsohon injin? A ƙasar Hausa amsar galibi ƙura ce. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji rairayi ne mai laushi, in ya shiga silinda ya gauraya da baƙin mai sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. 'Yar tsaga a robar da ta taso daga matatar iska ta isa. Akwai ma direbobin da in matata ta toshe sai su cire ta su yar, su ce mota ta sami numfashi. Na biyu zafi: lagireto ya cika da kaikayi da taɓo ta waje, ta ciki kuma ruwan rijiya ya bar masa kanwa. Ga kuma al'adar cire tamostat wai don ƙasar zafi, alhali injin da bai kai zafinsa ba ya fi saurin cinye ringi. Na uku man da aka gauraya da kananzir, wanda ke kashe famfo, don gas ɗin shi ne man shafawar famfon. Wanda ya ɗora sabon inji a kan tsohuwar roba da tsohon lagireto, baɗi war haka zai sake neman wani bijimin.

Saboda haka tun inji na ƙasa a sake robobin iska da na ruwa, a kai lagireto a buɗe a wanke, a sa matatar mai mai raba ruwa. A canja bel ɗin taimin in injin mai bel ne, don ba wanda ya san shekarunsa, in kuwa ya tsinke bawul da fistin za su yi karo. A duba kuloci a lokacin, tun da in an rufe sai an sake sauke komai. Bayan an ɗora a yi tafiyar kilomita kamar 1,000 ba da lodi mai nauyi ba, a zubar da baƙin mai a sa sabo.

Akawun da ke riƙe da takardun mota shi ma yana da nasa aiki. Lambar inji tana cikin takardun, in ta canja sai a je ofishin lasin da rasidin ciniki a gyara, kafin a gamu da masu duba mota a hanya. Lokacin yin duk wannan kuwa shi ne tsakanin ƙarshen kaka da watan Maris. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa zai tarar da layi a gareji, masu inji sun ƙara kuɗi, taki kuma yana jibge a gari.