Kwana biyu a Kano: idan za a kashe kuɗin, a kashe su cikin birni

Idan matashi ya ce wa gidansu zai je Kano, tambayar farko da ake yi masa ita ce: wa ya rasu? Idan ba rasuwa, to wa ke kwance asibiti? Idan ba wannan ba, me za a saro? A Maradi da Damagaram an daɗe da sanin dalilan zuwa Kano, kuma ba su da yawa: sari a Kantin Kwari ko Singa, ganin likita, biki, ta'aziyya, karatun allo. Wanda ya ce zai je ne kawai ya ci abinci, ya ga gari, ya dawo ranar Lahadi, sai a bi shi da kallo. Ba a rasa wata goggo da za ta ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Duk da haka ana tafiyar. Abokai uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su tashi ranar Juma'a, su kwana biyu, su dawo da leda ɗaya ta tsaraba da waya cike da hotuna. A cikinsu akwai ɗalibai, akwai ƙananan ma'aikata, akwai sababbin aure, akwai kuma 'yan ci-rani da suka zo hutu daga Aljeriya ko Abijan ko Faransa suna son su fitar da ƙannensu su sha iska.

Ba abin mamaki ba ne idan aka duba taswira. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maradi kuma sama da 600, wato yini guda cur a cikin mota. Kano kuwa ba ta kai kilomita 300 ba daga kowane ɗayansu. Ɗan Maradi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ɗan Damagaram ya bi ta Matamaye da Kongolam da Daura, kowa ya isa da sauran rana idan hanya ta yi kyau. Sai kuma batun canji. Tun da gwamnatin Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, darajarta ta zube, har jika guda ta sefa ta haura naira 2,000 a hannun 'yan canji a shekarar 2024. Gaskiya ne kaya sun yi tsada a can, domin hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekarar, amma mai riƙe da sefa bai ji zafin kamar yadda Bakano ya ji ba. Da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, bayan watannin takunkumin CEDEAO, hanya ta koma hannun masu ita.

Masu cewa wannan tafiya almubazzaranci ce ba su yi wa matasa adalci ba. Wanda ya share wata shida a kan keken ɗinki, ko a bisa kabu-kabu cikin rana da ƙura, ko a rumfar gyaran waya, ya cancanci kwana biyu da ba na neman kuɗi ba. Abin da ake zubarwa a anko da liƙi a biki guda yakan fi kuɗin motar Kano zuwa da dawowa, kuma ba a taɓa kiran taron dangi a kansa ba. Hausawan da suka ce tafiya mabuɗin ilimi ba su ce sai tafiyar fatauci ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake yi da kwana biyun. Duk mai bibiyar hotunan da ake zubawa a Facebook da TikTok bayan irin wannan tafiya ya san su tun kafin ya buɗe: ga mutum a bakin katafaren kantin Ado Bayero da ke titin Gidan Zu, ga shi riƙe da shawarma, ga shi gaban kwalin fiza, ga bidiyon gadar sama da aka ɗauka daga cikin Adaidaita Sahu. Babu laifi a ciki, kowa da abin da ransa ke so. Sai dai shawarmar Kano ba ta fi ta unguwar Filato a Yamai ba, kuma kanti mai sanyin na'ura iri ɗaya ne ko a Kano yake ko a Kotonu. Mutum ya ƙetare iyaka, ya sha tambayoyi a shinge bayan shinge, sannan ya dawo bai taka cikin ganuwa ba, wato bai shiga ainihin garin da kakanninsa suka yi ta kai-komo a cikinsa ba.

Domin ga ɗan Nijar, tsohon birnin Kano ba baƙon wuri ba ne. Akwai unguwa a cikinsa mai suna Agadasawa, kuma sunan kaɗai ya faɗi daga inda mutanenta suka fito. Har gobe idan Bakano zai yi wa baƙo tsarabar kilishi, Agadasawa na cikin wuraren da zai fara ambata. Ɗan Tawa ko ɗan Damagaram da ke taƙama da kilishin gida ya kamata ya je ya ɗanɗana, ya gwada kaurin yankan da yawan ƙuli da zafin yajin, ya dawo ya yi musu da hujja. Fagge, inda matafiyi ke zuwa canjin kuɗi a Wapa, asalinta masaukin ayarin da ke gangarowa daga arewa ne, masu kawo gishiri da kanwa da dabino a bisa raƙuma. Matashin da ke ƙirga nairarsa a can yana tsaye ne inda Abzinawa suka sauke kaya shekaru aru-aru.

Wanda ke son ya ga garin sosai ya fara da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ya hau Dutsen Dala. Daga sama ake gane yadda birnin yake: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidaje sun haɗe kamar tabarma, ga kuma abin da ya rage na ganuwar da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce. Abin da ya rage ɗin ba shi da yawa. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu gini sun ci wani, kuma wannan ma darasi ne ga duk wanda ya fito daga garin da ke da tsohon gini.

Daga nan sai a gangara Kurmi, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙanana ne, mutum biyu ba sa jerawa a wasu. A nan ne dukawa ke baje jakunkuna da takalma da titimi, ga masu kayan doki, ga masu turare da kayan ƙamshi, ga masu tasoshin tagulla. Ɗan Maradi da ya ɗauki jakar fata mai laushi ya tambayi irin fatar, domin fatar jar akuya, wadda yankin Maradi da Sakkwato suka yi suna a kanta, ta daɗe tana shiga hannun majeman Kano. A yi ciniki, a taya ƙasa, ba a jin kunya. Farashin farko na baƙo ne.

Idan yunwa ta taso, ba sai an fita neman gidan abinci mai gilashi ba. Jakara na nan kusa, kuma a nan gurasa take. Ana gasa ta ne a tanderu, ana manna ƙullun a jikin tukunyar mai zafi har ya tashi ya yi ja-ja. Wanda bai ci bandashe ba bai san abin da Kanawa ke yi da ita ba: a tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Ana ci da hannu, a tsaye ko a kan benci, kuma kuɗinta bai kai na shawarma guda ba. Da safe akwai waina da miyan taushe, da rana akwai ɗanwake da mai da yaji, da almuru kuma masu tsire da balangu sun hura wuta. Duk abincin da ɗan Nijar ya sani ne, amma hannu ya bambanta, kuma wannan bambancin shi ne daɗin tafiyar. Masu tsaraba su nemi alkaki da dubulan, suna jure hanya.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ba ta buƙatar fiye da awa guda. Ramuka ne a ƙasa, ana haɗa baba da toka da kanwa a ciki, a bar su su ruɓa kwanaki kafin a fara tsoma yadi ana ɗagawa yana shan iska har shuɗin ya kama. Da yawa daga cikin ramukan yanzu a bushe suke, domin yadin kanti ya kashe kasuwar. Amma duk wanda ya taɓa ganin Buzu da baƙin rawani mai ƙyalli a Agadas ko Tawa, ya sani cewa ƙasar Kano, musamman garin Kura, ta daɗe tana rina irin wannan turkuɗi tana aikawa arewa. A gefen marinar ana jin ƙarar masu bugu, suna dukan yadi da taɓarya a kan kututture har ya yi sheƙi. Wannan bidiyon ya fi na gadar sama.

Sai Gidan Makama, daura da fadar sarki, wanda aka mayar gidan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zamanin Turawa. Bature ya ci Kano a 1903, shekara huɗu bayan Faransawa sun shiga Damagaram sun kashe Sarki Amadu Kuran Daga, wanda shi kansa ya taɓa kai wa ƙasar Kano yaƙi. Iyakar da matafiyi ya tsaya a kanta ranar Juma'a ana duba takardunsa, yarjeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906 ne suka haife ta. A lakol ana karanta wannan da Faransanci a haddace don jarrabawa. A Gidan Makama mutum zai ji ɗaya ɓangaren labarin da Hausa.

Maganar hanya kuwa ba ta wasa ba ce. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, don haka tafiyar rana ce kawai, kuma wanda dare ya riska a Katsina gara ya kwana. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen da suka fita da barin su zirga-zirga har sai an sanar da wani tsari. Sanarwa daban, mai tsaye a shinge daban. A riƙe katin shaida mai rai da katin allurar rigakafi, kada a ba kowa ƙofar neman na goro. A cikin gari kuma an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, sai Adaidaita Sahu, kuma a yi ciniki kafin a hau. Mai son zuwa don kallon hawan salla, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, ya fara tambaya tukuna, domin rikicin sarautar Kano ya sa an dakatar da hawan fiye da sau ɗaya.

Akwai wata tambaya da ya kamata ta dami hukumomin biranenmu fiye da yadda tafiyar ke damun goggonni: me ya sa motar ke cika da masu yawon buɗe ido idan za ta kudu, amma idan za ta dawo sai 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi? Tsadar sefa ga mai naira dalili ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Damagaram ta riƙe babban birnin Nijar har zuwa 1926. Tana da unguwar Birni da fadar sarki da gidaje masu zanen bango, tana da Zango, tana da manyan duwatsu a tsakiyar gari, tana da dukawan da ba sa jin kunyar na Kurmi. Maradi na da fadar Sarkin Katsina, wadda duk Bakatsinen da ya san tarihin garinsu zai so ya gani, ga Tsibirin Gobir a gefe, ga tafkin Madarunfa. Abin gani bai yi ƙaranci ba. Kulawa ce ta yi ƙaranci, kuma an ga sakamakonta a watan Satumban 2024, lokacin da ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye.

Abin da ake buƙata ba ya cin miliyoyi: alluna masu bayani da Hausa da Faransanci a bakin tsofaffin gine-gine, matasa 'yan unguwa da aka horar su zagaya da baƙi a kan farashi sananne, yaɓen gidajen ƙasa kafin damina, tsabtar wuraren da ake sayar da kilishi da fura da cuku. Matasan da suka je Kano suka ga yadda ake karɓar baƙo a Ƙofar Mata, da kuma yadda aka bar ganuwa ta zube, su ne suka fi dacewa su matsa wa zaɓaɓɓu da sarakunansu a kan wannan.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara aiki, zai sauke matasan Kano a Maradi ranar Juma'a da yamma, da 'yan kuɗinsu na kwana biyu a aljihu, su tare ɗan kabu-kabu na farko su tambaye shi inda ake cin abinci mai daɗi da abin da ake gani a garin.