Gargaɗi Kafin Ruwa Ya Fi Jaje Bayan Ambaliya

A daminar 2022 ambaliya ta rusa ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi, a shekarar da ruwa ya halaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. Gidajen rediyo da jaridu sun ƙidaya rayuka da gidaje, sun kawo saƙonnin jaje, daga nan suka juya ga siyasa. Haka akasarin kafafenmu ke ɗaukar sauyin yanayi: labari ne na ranar musiba kaɗai.

Illar wannan salo a bayyane take. Manomin Gaya da ba ya jin batun sai ruwa ya ci gero da gyaɗarsa, zai ɗauka babu abin yi sai haƙuri. Wani kuma ya ji ana kawo zancen daga tarukan ƙasashen waje da kalmomin da ba na gona ba, sai ya ce ai maganar Turawa ce. Alhali hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon kowace shekara: yaushe ake sa ran saukar ruwa, yaushe zai ɗauke, ina ake fargabar fari a tsakiyar damina. Wannan shi ne labarin da ke taimaka wa magidanci ya zaɓi iri mai saurin nuna, ya yi wa katangarsa yaɓe, ya yashe magudanar ruwa.

Muna tunatar da masu ƙyamar hasashe cewa ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Lura ce da alamomin da Allah Ya sanya a halittarSa, tana iya dacewa, tana iya kuskurewa. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da ya san fari na tafe, tanadin hatsi ya yi umarni da shi. Riƙo da sababi bai taɓa rushe imani da ƙaddara ba.

Don haka muna kira ga 'yan jarida su riƙa fassara hasashen da Hausar manomi tun kafin shuka, su maimaita shi kamar yadda suke maimaita farashin kasuwa. Limaman masarautar Gaya su isar da shi a huɗuba, ɗalibai su karanta wa iyayensu, kowa kuma ya tantance saƙon WhatsApp kafin ya yaɗa, kamar yadda Suratul Hujurat ta koyar. Labari amana ne, jinkirta shi har ya rasa amfani tauye amanar ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.