Waiwaye: Sanƙarau na 1996 da bakin nas

A bazarar 1996 sanƙarau ya ratsa arewacin Najeriya, ya kama mutane sama da dubu ɗari, ya kashe fiye da dubu goma. A tsakiyar wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana da ke Kano, ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabinsu aka ba sabon maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanzarin da kamfanin ya kawo: wai ma'aikatan jinya na gida sun yi wa iyayen bayani da Hausa, kuma iyayen sun amince da baki. Ko ma yaya aka yi, a nan za ka ga matsayin nas. Uwa mai ɗauke da ɗa yana sanƙarewa ba Baturen kamfanin take kallo ba, bakin 'yar garinsu mai farin kaya take kallo.

Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan ɓarnar ta riga ta yaɗu. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da jama'a suka kafa hujja da shi.

Wannan darasi ya shafi Azare ta ƙasar Katagum, domin yau gari ne na horon ma'aikatan lafiya, musamman tun da aka kafa jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a 2021, ga kuma babban asibitin tarayya da ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Zaki, Gamawa, Giade da Shira. Ɗaliban jinya, mafi yawan waɗanda za ku tarar a kan gado ba sa karanta takardar da ake miƙa musu. "Baba, dangwala nan" ba neman izini ba ne. Ku zauna, ku faɗa masa abin da za a yi masa da abin da ka iya biyo baya, ku sanar da shi yana da ikon cewa a'a. Idan ku ɗalibai ne masu koyon sa allura, ku faɗa.

Na san layi dogo ne, ma'aikata kaɗan, kuma ɗalibi yana shakkar na gaba da shi. Amma a ƙasar Katagum kowa ɗan gidan wani ne. Matar da aka yi wa aiki ba a fahimtar da ita ba, za ta koma ƙauye ta ba da labari, kuma wata mai naƙuda za ta ji, ta zaɓi haihuwa a ɗaki.